Ƙwaya Goma Sha Bakwai

Likita Saratu ta shafa min mai mai sanyi a mara,
ta juya allon wajenta, ta daɗe ba ta ce uffan ba.
Na san irin wannan shirun,
shi mai awo ke yi in shinkafa ta zo da tsakuwa.
"Zuciya na bugawa," in ji ta,
"amma ƙoƙon kai bai rufe ba, kuma ba zai rufe ba.
In ya kai wata tara, yini zai yi, ko bai kai yinin ba."
Ta ce ga jinina yana hawa kamar wancan karo,
da na kusa tafiya in bar Hajo a zanin goyo.

Daga Birnin Kebbi har Bunza
na riƙe hoton cikin hijabi kamar garwashi.
Wata tsohuwa ta ce, "Mai juna biyu, matso nan, ya fi laushi,"
ta gutsuro min rake. Na karɓa. Na yi godiya.

Cindo ya riƙe hoton a juye, ban gyara masa ba.
Ya shafa tabon da ke gefen ƙaramin yatsansa,
inda innarsa ta ɗaure na shida har ya faɗi.
"Ni da zare aka gyara ni," ya ce,
"wannan babu zarensa?"
Sai ya fita duba injin ban ruwa
wanda babu abin da ya same shi.

Malam Sahabi bai ɗaga murya ba.
Ya ce, "Kwana nawa?"
Na ce ban riƙe ba, na dai san ranar da aka yanka fadamar Tukur.
Ya ce, "A ɗari da ashirin ake busa rai.
Kafin nan wasu malamai sun bar ƙofa in lalura ta yi tsanani,
wasu sun rufe ta tun daren farko.
Na faɗa miki abin da ke takarda.
Abin da ke cikinki, ke da Mai Shi."
Na so ya tsawata min. Da na samu wanda zan bi
ko wanda zan ji haushi.

Da dare na zuba shanshera a faifai,
ƙwaya ɗaya, kwana ɗaya.
Ɗari da uku suka wuce dama.
Goma sha bakwai suka rage a hagu,
ko cikin tafin Hajo ba za su cika ba.

Kai da ban raɗa wa suna ba,
wane ne rahama a cikin biyun?
In sauke ka tun kana baƙon da bai kwance kaya ba,
ko in ɗauke ka har ƙarshen damina
don ka sha iskar duniya tsawon kiran salla guda?
In na ce don kai ne, wata murya ta ce don kaina.
In na ce tawakkali, ta ce tsoron bakin mutane.
Hajo kuma ta yi barci da hannunta a kan cibiyata,
tana jiran ƙane, ta ma ajiye masa gwangwanin wasa.
Ita wa zai turara mata shinkafa in ban tashi ba?

Kowace asuba ina matsar da ƙwaya ɗaya.
Yau saura tara.

Motar Birni na tashi bayan salla.
Na sa katin asibiti a jaka, ban ce zan hau ba.
Na sa kuma farin ƙyalle, kamu ɗaya,
da na yanka daga sabon zanin gado.
Shi kaɗai ne ban yi shawara da kowa a kansa ba:
ko ta wace hanya muka bi, ni da kai,
shi za ka sa.